Koko, Leda da Gam: Yadda Muka Koyi Folima da Hannunmu

Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a cikin birnin Kano, kuma yawancin ɗalibaina 'yan aji ɗaya ne, masu shekara 11 zuwa 13. A tsarin karatunmu yaro ba ya haɗuwa da kalmar folima sai ya kai babbar sakandare, ana gab da jarrabawar fita, a ba shi ma'anarta cikin layi biyu ya haddace. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Yaron nan ya tashi da asuba ya ɗauki butar roba, ya zura silifas, ya sha koko, ya sa rigar makaranta, a hanya ya sayi ruwan leda. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba folima a jikinsa, har gashin kan yaron da farcensa. Me zai sa a jira ya kusa barin makaranta kafin a gaya masa?

Da hunturu ya kama sai na je wurin shugaban makaranta na roƙi a ba ni lokacin kulob ɗin kimiyya na zangon gaba ɗaya.

Ya ce, "Malama, da wane ɗakin gwajin za ki yi wannan aiki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan duk suna kicin da kasuwa. Inuwa nake nema, da tebur biyu, da izininka."

Ya yarda, amma da sharaɗi: wuta da tafasasshen ruwa a hannuna kaɗai za su kasance, ba yaron da zai kai wani abu baki, kuma kowa zai wanke hannu da sabulu kafin ya tafi gida. Sharuɗɗan nan daidai ne, kuma duk wanda zai yi irin wannan aiki da yara ya riƙe su.

Haɗa kayan bai ba ni wahala ba. Gasara na saya wurin wata dattijuwa mai koko a layinmu. Sitacin rogo irin na masu wanki da guga, madarar gari, lemon tsami da gishiri duk a kasuwar Rimi. Ƙaro a Kurmi. A kemis na sayi aidin, da auduga, da gilisarin ɗin nan da mata ke zubawa a man shafawa lokacin sanyi. Farin gam na kafintoci a shagon kayan katako. Boraks ne kaɗai ya sa na shiga Sabon Gari wurin masu sayar da sinadaran haɗa sabulu. Yara kuwa na ce kowa ya zo da ledar ruwa wankakkiya, da gorar ruwa ko ta lemo da murfinta, da duk wata fasasshiyar roba da aka yar a gida.

Ranar farko ban taɓa alli ba. Fili muka fita. Na ce kowa ya yi ta zagaye shi kaɗai, in na tafa su bi ta tsakanin kujeru biyu da na ajiye. Nan da nan suka wuce, ba wanda ya riƙe wani. Sai na sa suka kama hannun juna, maza layinsu daban, mata nasu daban, kowane layi mutum goma sha wani abu, na ce layukan maza su ratsa juna ba tare da an saki hannu ba, na mata ma haka. Suka cukurkuɗe, ana dariya, wannan na jan wancan, aka rasa mai gaba balle mai baya. A nan na tsayar da su na ba su suna. Kowane yaro shi kaɗai monoma ne, wato ƙaramar ƙwayar sinadari guda. Layin da suka yi shi ne folima: ƙwaya iri ɗaya da ta maimaita kanta, aka ɗaura wannan da wannan har ta zama doguwar sarƙa. Ruwa da fetur ƙwayoyinsu ƙanana ne, shi ya sa suke kwarara. Abu mai dogayen sarƙoƙi kuwa yana yin kauri, ko yauƙi, ko danƙo, ko tauri, domin sarƙoƙin suna harɗe juna.

Na gaya musu ƙwayar da ke maimaituwa a cikin leda sunanta etilin, iska ce da ake samu daga man fetur da gas, kuma a sarƙa guda akan sami dubbanta. A Ingila aka gano yadda take haɗuwa ta zama leda a 1933, a wani gwaji da ba ita ake nema ba. A nan gida ana yin ɗanyar robar leda ƙwaya-ƙwaya kamar hatsi a masana'antar Eleme kusa da Fatakwal, kuma irin waɗannan ƙwayoyi ne kamfanonin roba na Sharaɗa da Challawa da Bompai ke narkarwa su fitar da buta da bokiti. Da na ambaci Sharaɗa sai hannuwa suka tashi, wannan yayansa a can yake aiki, wancan babansa ke ɗauko kaya. Na kuma ba su labarin Hermann Staudinger, Bajamushen da ya ce a 1920 roba da sitaci dogayen sarƙoƙi ne na gaske. Manyan masana na zamaninsa suka ƙi yarda, suna ganin ƙwayar sinadari ba za ta yi wannan tsawo ba. Sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan maganar. Ina son yara su ji irin wannan, su san abin da ke cikin littafi ma sai da aka yi gardama a kansa.

Daga nan sai leda. Na riƙe ruwan leda cikakke a sama, na ɗauki fensir mai zagayen jiki da aka fere da tsini, na soka shi ya shiga ta nan ya fita ta can. Ko ɗigo bai zuba ba. Na ƙara na biyu da na uku. Ajin ya ɗauki ihu, wani daga baya ya ce, "Wallahi Malama siddabaru ne!" Na miƙa masa fensir na ce ya zo ya yi siddabarun da kansa, ya yi, ya kuma tsaya yana kallon hannunsa. Sarƙoƙin leda a kwance suke a harɗe kamar dafaffiyar taliya a kwano, tsinin fensir ba ya yanka su da yawa, ture su gefe yake yi, su kuma su matse jikinsa su toshe hanyar ruwa. Da aka zare fensir ɗin, ramin ya zauna, ruwa ya tsiyaye, domin sarƙoƙin da aka ja fiye da kima ba sa komawa yadda suke.

Muka yanka baƙar leda siri-siri, wasu a tsaye wasu a kwance, kowa ya ja a hankali. Yara da kansu suka lura cewa ta wani ɓangaren ledar tana miƙewa sosai, ta yi siriri a tsakiya ta yi haske, ta ɗaya ɓangaren kuwa tana gardama. A wajen ƙera ta inji ya riga ya ja sarƙoƙin sun fi fuskantar gefe guda. Wurin da ya yi siririn nan kuma ya fi sauran ƙarfi, saboda sarƙoƙin sun jeru sun miƙe. Robar ɗaure kuɗi ma mun gwada: a ja ta da sauri a taɓa ta a goshi, za a ji ɗumi, a sake ta a kuma taɓawa, za a ji sanyi.

Inda muka fi daɗewa shi ne koko, kuma a nan ne na ga fuskokin 'yan matan ajin sun canja, domin an shigo fagen da suka fi kowa sani. Na zuba sitaci kofi biyu a baho, na sa ruwan sanyi kamar kofi ɗaya, na juya. Na ce wani ya naushi abin. Ya nausa, hannunsa ya tsaya a sama kamar ya bugi ƙasa. Na ce ya sa yatsa a hankali, yatsan ya nutse. In ka dunƙula shi a tafin hannu ya yi curi, ka buɗe hannu ya narke ya bi yatsu. Maza suna ta mamaki, wata yarinya kuwa ta ce, "Malama, ai haka gasara take yi a gindin bokiti. In za ki ɗebo da ƙarfi sai ta ƙi, sai kin bi ta a hankali."

Na ce mata gaskiyarta. Amma na ja hankalinsu kan wani abu da bai kamata a rikita ba. A ɗanyen sitaci sarƙoƙin ba su fito ba tukuna. A naɗe suke tam a cikin wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya rarrabewa, kuma ruwan sanyi ba ya shigarsu, shi ya sa gasara ke kwantawa ruwa ya taso sama. Taurin da ake ji in an nausa, ƙwayoyin ne ke cushewa su tokare juna don ba su sami lokacin zamewa ba. Aikin sarƙa sai an kawo zafi.

Na jera kofi uku, kowanne da damammiyar gasara daidai wa daida. Na farko na zuba masa ruwan sanyi, na biyu ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, na uku tafasasshe daga kan risho. Biyun farko suka zauna tsararo, fari fat. Na uku nan take ya yi kauri ya canja launi ya zama koko. Zafin da ake bukata yana tsakanin digiri 60 zuwa 80, gwargwadon irin hatsin. A nan ƙwayoyin ke shan ruwa su kumbura su fashe, sarƙoƙin su fito su harɗe, su riƙe ruwan a tsakaninsu. Duk wadda ta taɓa dama koko da ruwan da ya huce ta ga ya ƙi, ta san wannan iyaka ko ba ta san lambarta ba. Da kokon ya huce ya yi fata a sama ya daskare, sai na tambaye su me ya sa tuwon da ya kwana yake tauri, har wani lokaci ka ga ruwa-ruwa a jikinsa. Suka yi ta kawo amsa. Abin da ke faruwa shi ne, in zafi ya tafi sarƙoƙin suna sake jeruwa su manne da juna su matso ruwan waje, in an yi ɗumame kuma zafi ya sake sassauta su. Wani yaro ya ce daga yau in ya ga ɗumame sai ya tuna layin da suka yi a fili.

Aidin ya biyo baya. Na sirka shi da ruwa, kowane rukuni ya sami ɗan kaɗan a murfin gora da tsinken ɗigawa. A kan koko, da rogo, da shinkafa, da burodi, ya koma shuɗi mai duhu kusan baƙi. A kan sukari da gishiri bai canja ba. A kan auduga ma bai canja ba, kuma a nan na tsaya, domin sitaci da auduga daga ƙwaya ɗaya aka gina su, wato gulukos, wani nau'in sukari. Bambancin yana wurin ɗauri. A sitaci akwai sarƙar da ke murɗewa ta bar rami a tsakiya, aidin ya shige ramin, launin ya fito. A auduga kuwa, wadda kusan kashi 90 cikin 100 nata selulos ne, sarƙoƙin a miƙe suke, suna kwanciya gefe da gefe su kama juna, shi ya sa zare ke da ƙarfi. Cikinmu yana iya yanka ɗaurin sitaci, ba ya iya yanka na selulos. Saniya da akuya suna cin ciyawa su ƙoshi ne saboda ƙananan halittun da ke tumbinsu suna yi musu wannan aiki, gara ma da taimakon irinsu take cin itace.

Don su ga yankan da idonsu, na ba kowa ɗan kofi da tsararon koko da aka sirka sosai. Wanda ya yarda ya tofa yawunsa a nasa kofin ya juya. Wasu suka ce ƙazanta ce, ban tilasta musu ba, kofunansu suka zama abin kwatance. Bayan kamar kwata na awa muka ɗiga aidin. Kofunan da ba yawu suka yi shuɗi, masu yawu kuwa wasu suka yi ja-ja, wasu ba su canja ba sam. A yawu akwai sinadari mai suna amiles da ke daddatse sarƙar sitaci ta koma sukari. Shi ya sa in ka daɗe kana tauna burodi ko dafaffiyar shinkafa za ka fara jin zaƙi.

Da na koma sayen gasara na ba dattijuwar nan labari. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Yo Malama, ai kunun zaƙi ke nan kike faɗa. Ƙullun kashi biyu muke yi. Ɗaya a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, a bar shi ya sha iska, sannan a zuba ɗanyen da aka markaɗa da dankali. Kafin safiya ya saki, ya yi zaƙi."

Na ce, "Iya, in aka zuba tun yana da zafi sosai fa?"

Ta ce, "Kin ɓata shi. Ba zai saki yadda ake so ba."

Ɗanyen dankalin Hausa yana da irin sinadarin da ke cikin yawu, tsiron hatsi ma haka, kuma zafi mai yawa yana kashe shi. Na kai wa yara maganarta kamar yadda ta faɗa, na ce su tambayi iyayensu mata yadda ake yi a gidajensu. Amsoshin da suka kawo sun cika allo, wasu da dankali, wasu da tsiron shinkafa ko na dawa. Ban taɓa ba da aikin gida da aka yi shi da zumuɗi irin wannan ba, kuma ina ganin dalilin shi ne a karon nan uwa ce mai amsar.

Yauƙin kuɓewa da na kuka da karkashi mun taɓa su a gurguje: duk dogayen sarƙoƙi ne na dangin sukari da ke jan ruwa. Ƙaro kuwa da na jiƙa na zagaya da shi, yaran da ke zuwa makarantar allo suka gane shi tun daga nesa, suka ce shi ake sa wa tawada don ta kama allo. Masu wankin hula ma suna aiki da shi. Daga jikin itacen dakwara yake fita, Sudan ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, Chadi da Najeriya suna biye, kuma kamfanonin lemon kwalba da alawa a ƙasashen waje suna sayensa. Cibiyar binciken roba ta ƙasa da ke Iyanomo kusa da Benin tana da reshe a Gashuwa saboda shi.

Madara ta ba mu maɓallai. Na dama madarar gari kofi ɗaya, na ɗora ta yi zafi amma ban bari ta tafasa ba, na matsa lemon tsami kamar babban cokali biyu. Ta tsinke, farin gudaji ya rabu da ruwa. Kafin in yi magana aka ce, "Awara!" Kusan haka ne. A awara furotin ɗin waken suya ne ke dunƙulewa in an zuba ruwan tsami, a nan kuma na madara ne, mai suna kesin, wanda shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madarar shanu. Furotin ma folima ne, sai dai ƙwayoyinsa iri-iri ne har 20, ba iri ɗaya ba. Muka tace da tsumma mai tsabta, muka matse, yara suka murza shi har ya haɗe, suka danna a murfin gora, suka huda da tsinke, muka shanya. Iskar hunturu ta busar da su suka yi tauri. A Turai, a farkon ƙarni na 20, da kesin ake yin maɓallan riga da mataji, amma sai an jiƙa shi a fomalin ya ƙara ƙarfi. Fomalin guba ne, ba mu kusance shi ba, saboda haka namu maɓallan suna karyewa in an matsa musu.

Sannan muka yi tamu ledar. Babban cokali ɗaya na sitaci, huɗu na ruwa, ƙaramin cokali ɗaya na ruwan lemon tsami da aka tace. Na raba rukunai biyu: na farko aka ƙara musu ƙaramin cokali na gilisarin, na biyu ba a ƙara ba. Ni na dafa kowanne a ƙaramar tukunya ina juyawa har ya yi kauri ya yi garai-garai, na zuba a farantin silba, su suka baza shi siriri da bayan cokali. Da ya bushe muka ɓamɓaro. Na marasa gilisarin ya tsattsage, yana karyewa da an lanƙwasa. Na masu gilisarin ya fito falle guda, yana lanƙwasuwa, ana hango yatsa ta cikinsa. Gilisarin ƙaramar ƙwaya ce da ke shiga tsakanin sarƙoƙi ta hana su mannewa da juna. Da irin wannan dabara ake mayar da robar bututun ruwa mai tauri ta zama tiyo mai laushi ko rigar wayar lantarki. Na ce kowane rukuni ya ajiye guntu ɗaya, akwai aikin da zai yi nan gaba.

Abin da yara suka fi so, ba shakka, shi ne gam da boraks. Na narka ƙaramin cokali ɗaya na boraks a kofin ruwan ɗumi, kwalbar kuma ba ta bar hannuna ba. Kowane rukuni ya sirka gam da ruwa rabi da rabi, na riƙa ɗiga musu ruwan boraks suna juyawa da tsinke. Gam da ke kwarara ya kama jikinsa, ya naɗe a tsinken, ya zama wani abu mai danƙo. In ka ja shi a hankali ya miƙe har tsawon hannu, in ka fizga ya tsinke, in ka mulmula ka jefa a tebur ya yi tsalle. Muka koma fili, aka sake yin layuka, amma a wannan karo na sa wasu yara a tsakani, kowanne ya kama layi ɗaya da hannun dama, wani layin da hagu. Yanzu layukan ba sa iya rabuwa, in ɗaya ya motsa sai duka su bi. Aikin boraks ke nan, gada yake yi tsakanin sarƙa da sarƙa. Da muka matsa lemon tsami a kan curi ɗaya sai gadojin suka karye, ya koma ruwa-ruwa.

Wani yaro da babansa ke faci ya tambaya ko shi ya sa taya ba ta narkewa a kan kwalta da rana. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Ɗanyar roba da ake tatsa daga itace, irin wanda ake nomawa a Edo da Delta da Kuros Riba, tana yin danƙo da zafi, ta ƙage da sanyi. Charles Goodyear a Amurka ya gano cewa in aka dafa ta da farar wuta tana daina wannan, ya kuma yi rajistar dabarar a 1844. Farar wutar gadoji take ginawa tsakanin sarƙoƙin, kuma nata gadojin ba sa karyewa da sauƙi kamar na boraks. Saboda haka ana iya narka buta a sake ƙera wata, taya kuwa ba ta narkuwa, sai dai ta ƙone.

Kunzugun jarirai na zamani mun farke guda ɗaya sabo, muka kakkaɓe farin garin da ke cikin audugar, wanda shi ma folima ne. Rabin ƙaramin cokali ya shanye kofin ruwa ya zama ƙulli-ƙulli, har aka kifa kofin bai zube ba. Da muka barbaɗa gishiri ya saki ruwan. A tsabtataccen ruwa garin nan yana shan ninkin nauyinsa ɗaruruwa, a ruwa mai gishiri kuwa, irin fitsari, abin yana raguwa sosai. Ragowarsa da ragowar gam a shara muka zuba, ba a kwata ba.

Robobin da yara suka tara sun cika buhu, sai muka zazzage su a tabarma muna neman 'yar lambar nan da ke cikin alama mai kusurwa uku a gindin kaya. A Amurka aka fito da tsarin a 1988, daga 1 zuwa 7. Gorar ruwa da ta lemo 1 ce, jarka 2, bututun ruwa 3, leda mai laushi 4, bokiti da kujera galibi 5, farar robar zuba abinci mai kama da kumfa 6. Kaya da yawa na kasuwarmu ba su da lambar ma, sai muka koma ga ruwa. Na yanka gora ƙanana na zuba a baho tare da murafe. Guntayen gorar suka nutse, murafen suka taso. Robar gora ta fi ruwa nauyi da kusan kashi 38 cikin 100, ta murfi kuwa ba ta kai ruwa ba. Yara sun yi gardama, suka ce ai kullum suna ganin gora tana yawo a saman kwata. Iskar da ke cikinta ce ke ɗaga ta. Masu sake sarrafa roba da wannan hanya suke raba su bayan an niƙa, kuma shi ya sa 'yan bola jari ke ware kaya kashi-kashi kafin a ɗora a sikeli.

Guntayen ledar sitacin da aka ajiye muka binne a bayan aji, kowanne tare da guntun ledar ruwa, muka kafa tsinke a wurin. Da yake ƙasa a bushe take, yara suka riƙa zuba ruwa bi da bi. Dab da hutu muka tona. Ta sitacin ta ruɓe, sai ɗan ɓurɓushi a wasu ramukan. Ledar ruwan muka ɗauraye, har rubutun jikinta yana nan. Ƙananan halittun ƙasa sun san ɗaurin sitaci tun fil azal, na leda kuwa baƙo ne a wurinsu. Ita ce ke toshe magudanai da damina, ita mahauta ke ciro wa a tumbin akuya da saniya. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, jihar Legas kuma ta hana farar robar abincin nan a Janairun 2024. Na kuma gaya musu kada su ɗauka tamu ta sitaci ta isa maye gurbi: ku zuba mata ruwa ku gani, nan da nan take yin laushi ta yage.

Maganar ƙonawa ce ta fi nauyi a wurina. Na tambayi su wa ake hura gawayi da leda a gidansu, hannuwa da yawa suka tashi, kuma yawanci yaran ne ake sa wa su riƙe ledar tana ɗiga a kan gawayin. Na gaya musu hayaƙin roba yana cutar da huhu, na mai lamba 3 ya fi muni domin akwai kilorin a jikinta, in ta ƙone tana fitar da iska mai cin maƙogwaro da wasu gubobin da ke daɗewa a jiki. Ɗigon narkakkiyar leda kuma in ya faɗa a fata mannewa yake yi.

Bayan 'yan kwanaki wata uwa ta biyo 'yarta makaranta. Muka gaisa, ta ce, "Malama, yarinyar nan ta ƙi hura mini wuta, ta ce ke kika hana. To da me zan hura? Kalanzir ya fi ƙarfina."

Na ce, "Hajiya, ban ce ta ƙi aikenki ba, kuma zan yi mata magana a kan haka. Ledar ce nake jin tsoro, don ita ke sunkuyawa a kan hayaƙin." Na lissafa mata abin da na sani yana kamawa: totuwar masara, busasshen ɓawon rake, kwali, ƙiraren kara, ko tsumman auduga da aka ɗiga wa ragowar man suya. Ta ce da rani duk wannan mai sauƙi ne, da damina ne komai ke yin sanyi, leda kaɗai ke kamawa. Gaskiya ta faɗa. Muka tsaya a kan cewa za ta riƙa tara totuwa da kwali tun yanzu a buhu ta rataye a ɗaki inda ruwa ba ya kaiwa, ranar da ta rasa kuma dole sai leda, a fitar da kurfotin tsakar gida, babba ya hura, yara su matsa, kuma kada a ɗora tukunya sai hayaƙin ya ƙare.